Raliya da Neman Shusho

Tun da jirgi ya sauke su a birnin Guangzhou na ƙasar Sin, cikin zafin shekarar 1998, Hajiya Raliya ba ta taɓa kai wani abu baki ta haɗiye ta yi shiru ba. In shinkafa ce sai ta ce ba gishiri, in taliya ce ta ce ruwa ya yi mata yawa, in kuwa burodi ne, to nan ake yin ta, don sai ta matsa shi da yatsa biyu ta girgiza kai, sannan ta ɗauko labarin Girona.

Raliya 'yar Maradi ce, mai shagon jakunkunan mata a babbar kasuwa. Shekarun baya mijinta Illa ya yi aikin gonar tuffa a kusa da Girona, wani gari a yankin Kataloniya na ƙasar Sifen, ita kuma ta bi shi ta yi 'yan watanni. Da yake ba ta da abin yi in ya fita, sai ta mai da yawon shagunan burodi da gato, wato kek, sana'a. Ta bi lungunan tsohon garin ɗaya bayan ɗaya, ta san shagon da ke gindin gadar ƙarfe, ta san wanda ke sa kitsen alade a kwaɓinsa ta daina bi ta ƙofarsa, ta san na wata tsohuwa mai gashin baki da ke aiki da man shanu zalla. A wurin tsohuwar nan ta gamu da abin da ya hana ta sakat har yau: wani soyayyen naɗi mai tsawon tafin hannu, a waje an birkice shi da sukari, a ciki an ɗura masa madara mai kauri da ƙamshin kirfa. Sunansa shusho.

Abokiyar tafiyarta, Hajiya Hasiya, Bakanuwa ce 'yar Fagge, ita ma jakunkuna take saye. Ɗaki ɗaya suka kama a wani masauki a unguwar Tianhe, don haka duk safiya da shusho Hasiya ke karyawa, da shi take kwana, ba tare da ta taɓa ganin kalarsa ba.

Ran nan da safe suna shirin tafiya Shiling, garin da ake ɗinka musu jakunkuna, sai wayar ɗakin ta yi ƙara. Alhaji Shitu ne, wakilinsu, mutumin da ya daɗe a garin har yana jin yaren, shi ke kai su da motarsa. Ya ce kada su wahalar da kansu, mai masana'anta ya ce zif ɗin jakunkunan bai iso ba, sai gobe.

"Meyo ke nan," in ji Hasiya da ta ajiye wayar, don ita ce kalmar da ta fara koya a garin, wato babu. Ta kwance ɗankwalinta ta zauna a bakin gado. Raliya ta ɗauko ragowar burodin jiya ta matsa shi, ta buɗe baki.

"Yaya Raliya, don girman Allah," Hasiya ta tare ta. "In kika sake ce mini Girona yau, sai na faɗo ta tagar nan. Garin nan har injin jirgi ake sayarwa. Tashi mu je mu nemo shushon nan, ki ci, ni ma in huta."

Raliya ta tsaya da burodin a hannu. Ita dai ba ta taɓa tunanin haka ba. Wani abu ya taso mata daga ciki kamar ranar da aka fara sa mata lalle.

"Ke ƙanwata, da gaske kike? Mu tahi!"

Ta kira Alhaji Shitu ta tambaye shi yadda ake cewa kitsen alade. Ya ce ju-yo. Ya tambaye ta me za ta yi da shi, ta ce gudunsa za ta yi, ta kife wayar. Suna saukowa daga bene tana ta maimaitawa, ju-yo, ju-yo, har Hasiya ta ɗauka da waƙa tana tafa jakarta.

Shagon farko a ƙarƙashin wani dogon gini yake, inda ake sayar da kayan wuta. Fitilu tar, 'yan mata sanye da fararen huluna, burodi jere a cikin gilashi kamar gwal. Raliya ta bi layin da ido, ta nuna wani mai sheƙi.

"Ju-yo?"

Mai shagon ta washe baki, ta gyaɗa kai da ƙarfi. "Yo! Yo!" Wato akwai, akwai sosai, ta ma fara ɗauko leda.

Suka ja da baya tare. Hasiya ta nuna wani da aka barbaɗa wa wani abu ja-ja a kai kamar gashin masara. Da ta ga ba a gane tambayarta ba, sai ta ɗaga hancinta da yatsa ta yi gurnani irin na alade, a tsakiyar shagon mutane, ita da ta je Makka sau biyu. 'Yan matan suka fashe da dariya, suka ce yo, wannan ma naman ne da kansa. Raliya ta ja ta waje, suka jingina da bango suna dariya har mayafin Hasiya ya zame.

"Wallahi in 'yan Fagge suka ji wannan, na kaɗe," in ji Hasiya tana share hawaye.

"Ni zan kai musu labarin da kaina."

Haka suka yi ta bi. Raliya ta koma yadda take a Girona: ba ta duba allon shago, hanci take bi. In ta ji ƙamshi sai ta tsaya cak a tsakiyar masu kekuna, ta juya kai kamar akuya ta ji dusa, ta kutsa lungu. Sun shiga wani gidan shayi inda tsofaffi ke zaune da tsuntsaye a keji, aka kawo musu wasu 'yan ƙoƙuna na fulawa cike da ƙwai da madara, rawaya shar suna rawa. Raliya ta kusa kuka, don madarar ta yi kama da wadda take nema. Ta tambaya da 'yar ƙaramar murya. Aka ce yo. Suka sha ruwan shayi kawai suka fito.

A wani babban otal sun samu shago mai sunayen Faransanci a rubuce. Nan Raliya ta gyara tsayuwa ta saki Faransanci, tiryan-tiryan, ma'aikacin ya saurara da ladabi har ta gama, sannan ya ruga ciki bai dawo ba. Wani ya fito ya nuna musu kwalin man shanu, ya ce ju-yo meyo. Suka sayi kek iri-iri suka zauna a kujerun alfarma suka cinye. Hasiya ta ce ai wannan ma ya isa, a yi hamdala a koma. Raliya ta lashe yatsa ta ce wannan ko ƙanen shusho bai kai ba.

Da azahar ta yi suka tare tasi. Hasiya ta ɗaga hannu biyu zuwa kunne ta sunkuya, direban ya gane, ya kai su tsohon masallacin garin mai farar hasumiya. Suka yi salla, suka ɗan miƙe ƙafa a inuwa. Ƙafar Raliya ta kumbura cikin takalmi, ta fara tunanin ko a haƙura. Suna fitowa ta ƙofar masallacin iska ta kaɗo, ta kama hannun Hasiya ta matse.

"Man gyaɗa. Ana suya. Kuma da sukari a kusa."

Lungu na biyu suka same shi, wani ɗan shago da bai fi rumfar mai shayi ba, da koren allo mai rubutun Larabci a sama. Wata mata da ɗankwali tana jera soyayyun abubuwa a faranti. Suka yi sallama, ta amsa cikakkiya. Raliya ta ce ju-yo, matar ta ɓata fuska ta kaɗa hannu biyu kamar an zage ta. Ta leƙa farantan, ba ta ga abin da take nema ba, amma ta ce bari dai ta gwada sa'arta.

"Shusho?"

Matar ta dube ta da mamaki, ta sake dubanta, sannan ta juya ta ɗaga labule ta ƙwala kira: "Shushu!"

"Akwai!" Raliya ta ce, tana girgiza kafaɗar Hasiya. "Kin ji? Akwai shi! A ciki suke ɓoye shi!"

Labulen ya motsa. Wani dattijo ya fito, gajere, da farar hula da singileti, fulawa har gwiwar hannu, yana ƙifta ido. Ya tsaya a gabansu yana jiran ya ji wa ke nemansa. Ashe a yarensu shushu shi ne baffa, ƙanen uba, matar kuwa 'yar ɗan'uwan dattijon ce, baffanta ta kira, mai shagon, Malam Ma.

Hasiya ta dubi dattijon daga hula har silifas.

"To Yaya, ga shushonki nan. A naɗe miki shi a takarda, ko a nan za ki ci?"

Raliya ta durƙushe a bakin shagon. Dariya ta hana ta numfashi, tana nuna dattijon tana kaɗa hannu alamar ba shi ba ne, shi kuma yana nuna ƙirjinsa yana cewa shushu, shushu, alamar shi ne mana. Matar ta gane an yi kuskure, ita ma ta kama, ta riƙe ciki. Sai da suka lafa Raliya ta miƙe, ta ɗauki wani dogon soyayyen burodi daga faranti, ta gutsure shi daidai tafin hannu, ta huda cikinsa da yatsa, ta yi alamar ɗura, ta yi alamar barbaɗa sukari, ta sumbaci yatsunta ta ɗaga ido sama.

Malam Ma ya daina dariya. Ya karɓi guntun ya juya shi, ya leƙa ramin. Ya yi wata doguwar magana da ba su gane ba, sannan ya ɗage labulen ya yi musu nuni da kai.

Ɗakin girkin zafi kamar an rufe mutum a tanda. Raliya ta tuɓe mayafi ta ɗaure shi a ƙugu, ta zare awarwaronta ta miƙa wa Hasiya, ta wanke hannu. Ba ta taɓa yin shusho ba, amma ta sha tsayawa tana kallon tsohuwar Girona ta ƙofar baya. Ta nuna fulawa, ta nuna yis, ta nuna ƙwai. Man shanu ne babu. Ta yi kukan saniya, ta yi alamar tatsa, ta yi alamar kaɗawa. Aka aiki 'yar ɗan'uwan ta dawo da shi a takardar azurfa. Malam Ma ya kwaɓa, Raliya ta murza kwaɓin ta shafe shi da man ta ninke, ta sake murzawa ta ninke. Dattijon ya kalli hannunta sau ɗaya, ya ture ta gefe da gwiwar hannu, ya yi shi fiye da yadda ta yi.

"Kin ga mutanen nan," in ji Hasiya daga kan buhun fulawar da ta zauna tana fifita da murfin kwali. "Da sampur ake zuwar musu su kwafa. Ke kin zo musu da labari."

A kan madarar aka yi rigima. Raliya ta dama ƙwanduwa da sukari da madara da ɗan sitaci, ta samu kirfa a cikin kayan ƙamshinsa ta jefa. Saura ɓawon lemon tsami. Ta yi ta kwatance, tana yamutsa fuska irin ta mai shan tsami. Malam Ma ya ɗaga yatsa, ya hau kujera, ya sauko da wata kwalba daga saman kabad, ya buɗe ta a hankali kamar mai buɗe turaren amarya. Ɓawon lemo ne busasshe, baƙi ƙirin, kamar tsohuwar fata. Raliya ta ce a'a da Hausa, ta ce a'a da Faransanci. Ya ce e da nasa yaren, ya buga ƙirji, ya nuna da yatsu cewa ɓawon nan ya girmi auren 'yar ɗan'uwansa. Kafin ta rufe baki ya jefa shi a tukunya. Ta ɗora hannu a ka. Can ƙamshi ya taso, ta sauke hannun a hankali, ta matso da hanci.

Na farko da suka jefa a kasko ya kumbura, ya kumbura, sai ya fashe fus, madara ta yi tsalle ta sauka a hular Malam Ma. Hasiya ta ɓuya a bayan murfin kwalinta tana salati. Na biyu ya yi ja a waje, ciki ɗanye. Dattijon ya rage wuta, ya canza naɗin, ya manne bakin da ruwan ƙwai, yana ta mita shi kaɗai. Suka fita suka yi la'asar suka dawo suka tarar ya jera sababbi ya lulluɓe da ƙyalle sun tashi, shi kuma yana gadinsu da ludayi, ya hana kowa taɓawa.

Zuwa lokacin labari ya zaga lungun. Mai gyaran keke ya bar kekensa a kife ya zo, mai sayar da maganin gargajiya ta zo da jikarta a goye, wasu tsofaffi daga masallaci suka tsaya a bakin labule suna ba da shawara. Malam Ma ya saki naɗin a mai ɗaya bayan ɗaya. Suka nutse, suka taso, suka juya da kansu, ja kamar zuma. Ya tsame, Raliya ta birkice su a cikin sukari tana ƙona yatsu tana cewa wash, wash, ba ta saki ba.

Kowa ya zuba mata ido. Ta yi bismilla ta gatsa. Ɓawon ya yi ƙaras, madara mai ɗumi ta cika mata baki ta gangaro ta gefen haɓa. Ta rufe ido tana tauna. Ba shi ba ne. Na tsohuwar ya fi wannan sauƙi, kuma ba shi da wannan ɗan ɗaci-ɗacin mai daɗi da ke zuwa daga baya. Amma ƙafafunta da kansu suka fara taka ƙasa, kafaɗarta ta ɗauka, sai ga Hajiya Raliya, uwar 'ya'ya shida, tana juyi a tsakanin buhunan fulawa da shusho a sama kamar tuta.

Hasiya ta rangaɗa guɗa. Mutanen lungun suka firgita, jaririyar da ke goye ta tsala kuka, sannan kowa ya kwashe da dariya aka shiga miƙo hannu. Mai gyaran keke ya ci da baƙin mai a yatsunsa yana cewa hau-ci, hau-ci, wato da daɗi. Malam Ma ya ci nasa a tsaye, fuska a murtuke, ya tauna ya tauna, ya nuna tukunyar madarar ya nuna kwalbarsa, alamar ɓawon ya yi kaɗan.

Hasiya kuwa ta koma kan buhunta da faranti a cinya, ta yi shiru, abin da Raliya ba ta taɓa gani ba.

"Ƙanwata, lahiya?"

"Kar ki yi mini magana," in ji Hasiya da cikakken baki. "Ashe duk kwanakin nan rage labarin kike yi."

Da za su tafi dattijon ya ƙi karɓar komai, suka ƙi tafiya, aka yi ta turereniya a bakin ƙofa har Raliya ta zare sabuwar jakar da ke kafaɗarta, ta juye kayan ciki a mayafi, ta rataya wa 'yar ɗan'uwan a wuya, suka ruga suna waiwaye suna cewa sheshe, sheshe, wato an gode.

Washegari Alhaji Shitu ya zo da mota da sassafe, ya ce zif ya iso, a yi sauri. Suka ce sai an biya ta masallaci. Ya ce ba hanya ba ce, baya ma za a koma. Suka ce sun sani. Ya yi ta ƙorafi har bakin lungun, inda suka tarar Malam Ma ya riga ya soya wasu, ya ƙara ɓawon lemonsa yadda yake so, ya kuma barbaɗa riɗi a kan sukarin. Raliya ta ce riɗi ba ya cikin tsari. Ta sa Shitu ya fassara. Dattijon ya amsa, Shitu ya yi dariya ya ce wai ya ce shagonsa ne. A nan ne ma Shitu ya ji labarin kiran baffa, ya kifa kai a kan motarsa yana dukan murfinta.

Suka cika kwali suka kama hanyar Shiling. A masana'antar Raliya ta miƙa wa mai wurin guda ɗaya, wani siririn mutum mai tabarau da suke kira lawban, wato maigida. Bai ci nan take ba. Ya juya shi, ya duba inda aka manne bakin kamar yana duba ɗinkin jaka, ya auna tsawonsa da yatsa, ya yi wa Shitu tambaya.

"Me ya ce?" in ji Raliya.

"Wai guda nawa kuke so, kuma yaushe za a loda."

Hasiya ta zame daga kan kujera don dariya. Lawban bai gane abin dariyar ba, ya gatsa, madara ta tsarto masa a gaban riga, ya tsaya yana kallonta, sannan ya ƙarasa cinyewa ya miƙo hannu a ƙara masa. Sai da aka kawo musu ruwa a roba suka wanke yatsu kafin a yarda su taɓa jakunkunan, suka zauna a ƙasa suna jan zif ɗaya bayan ɗaya, in sun haɗa ido su sake ɓarkewa.

A hanyar dawowa Hasiya ta yi barci da kwalin a cinya. Alhaji Shitu ya yi ta tuƙi, can ya gyara madubi ya dubi Raliya.

"Hajiya, wai in na shiga lungun nan ni kaɗai, me zan ce a ba ni? Maman yara nake so in kai wa."

"Ka kira baffa kawai," ta ce. "In ya hito, ka nuna mishi kaskon."